Wa Ya Ɗora Wa “Ɗauka” Kayan Bature?

Gabatarwa

Kwanakin baya na raka wata gwaggota zuwa wani asibiti a nan Abuja. Tsohuwa ce da ta haura shekara 70, ta zo daga gida neman maganin ciwon ƙafa da ya daɗe yana damun ta. Bayan likita ya duba ta ya rubuta takarda, sai muka nufi tagar da ake ba da magani, inda muka tarar da wani saurayi Bahaushe, mai fara'a da ladabi. Ya ƙirga ƙwayoyi ya zuba a 'yar leda, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, “Mama, ki ɗauki biyu da safe, ki ɗauki biyu da dare.” Tsohuwa ta dube shi, ta juyo ta dube ni, sannan ta ce, “Ɗan nan, in na ɗauka in kai wa wa?” Mutanen da ke bayanmu suka fashe da dariya. Shi ma yaron ya yi dariya, ya gyara, ya ce sha yake nufi. Ni ma na taya su, amma dariyar yaƙe ce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron nan ba baƙon Hausa ba ne. Da ita aka yi masa raino, da ita yake ciniki, da ita yake roƙon Allah. Da mahaifiyarsa ce take kwance a gida, ba zai taɓa ce mata ta ɗauki magani ba, sha zai ce. Amma da yake yana bakin aiki, sanye da farar riga, sai ya yi tunaninsa da Turanci, ya juyo shi zuwa Hausa kalma bayan kalma. A Turanci kuwa da aikatau ɗin nan “take” ake shan magani, shi kuma tun yana aji uku na firamare aka koya masa cewa “take” ita ce “ɗauka”. Ni ma haka aka koya mini, muna rera ta a aji kamar karatun allo. Wannan 'yar fassara ta aji uku ita ce ta bi mu har jami'a, ta bi mu ofis da gidan rediyo da kotu da asibiti, tana yi wa Hausa ɓarnar da ba mu ankara da ita ba. A kan wannan ɓarna nake son in yi tsokaci a cikin wannan maƙala, kuma tun da wuri ina neman afuwar duk wanda maganata za ta taɓa, domin ni kaina ban fita daga cikin masu laifin ba.

Jakin Bature

Kowane harshe yana da waɗansu aikatau ƙalilan da yake ɗora wa kaya fiye da kima, kamar yadda manomi kan mallaki jaki guda, shi ne na kai taki, shi ne na zuwa kasuwa, shi ne na ɗebo ruwa. A Turanci irin waɗannan jakuna su ne “set” da “run” da “get” da “put” da kuma “take”. Babban ƙamusun Turanci na Oxford, a bugunsa na 1989, ya jera wa aikatau “set” ma'ana 430. Da aka sake bitar aikatau “run” a shekarar 2011, wani ma'aikacin ƙamusun mai suna Peter Gilliver ya shafe wata tara a kanta, ya fito da ma'ana 645. Ita ma “take” tana cikin sahun gaba, da ma'anoni fiye da 300.

Mai karatu ya dubi aikin da wannan kalma guda take yi wa masu ita. Idan Bature zai sha magani, da “take” zai sha. Idan zai shiga mota ko ya hau jirgi, da ita zai shiga. Idan zai bi wata hanya, ko ya kai yaro makaranta, ko ya yi wanka, ko ya huta, ko ya zauna a kujera, duk ita zai kira. Da ita sojansa yake cin gari, da ita ɗan sandansa yake kama mai laifi, da ita azzalumin ma'aikacinsa yake karɓar rashawa. Da ita ake yanke shawara, da ita ake jin haushi, da ita ake shaƙar iska. In an manna mata wata 'yar kalma a baya kuma, sai ta sake rikiɗa: jirgi ya tashi, mutum ya tuɓe riga, ɗa ya gaji halin ubansa, soja ya ƙwace mulki, biki ya gudana. A jerin nan da na kawo, Bahaushe ya yi amfani da aikatau kusan 20 mabambanta, kuma babu “ɗauka” ko sau ɗaya a cikinsu.

Wani abin sha'awa shi ne, ita kanta “take” baƙuwa ce a Turanci. Daga bakin Bikin, wato mayaƙan ruwa na ƙasashen Sikandinabiya waɗanda suka fara kai hari Ingila a ƙarshen ƙarni na 8, suka kuma zauna a cikinta daga baya, Turawan Ingila suka are ta. Kafin zuwanta suna da tasu kalmar, “niman”, wadda 'yar'uwarta take raye har yau a Jamusanci. Sannu a hankali, cikin 'yan ƙarnoni, baƙuwa ta kori 'yar gida, har ta kai yau Baturen da bai yi nazarin tsohon harshensa ba bai ma san an taɓa yin “niman” ba. Mai karatu ya riƙe wannan labari, domin kalmar da ta taɓa korar 'yar gida a garin wasu ba za ta ji kunyar sake yi a garinmu ba.

Kayan Da “Ɗauka” Ta Sani

Kada a ɗauka cewa ina raina tamu kalmar. Ga ta nan ma na yi amfani da ita da ma'anar zato. “Ɗauka” babbar kalma ce mai faɗin ma'ana, amma faɗin nata yana da tsari, kuma tsarin na Bahaushe ne. Asalinta shi ne a ɗaga abu daga inda yake, nauyinsa ya koma kan mutum. Daga nan sauran ma'anoninta suka yi rassa. Mace takan ɗauki ciki, domin kaya ne da za ta sauke. Mutum yakan ɗauki alƙawari, domin Hausawa sun ce alƙawari kaya ne. Yakan ɗauki nauyin marayu, ya ɗauki alhakin wanda ya zalunta, ya ɗauki azumi da asuba. Attajiri yakan ɗauki yaro aiki, almajiri ya ɗauki karatu, abu mai kyau ya ɗauki hankali, ƙarfe ya ɗauki zafi. A mafi yawansu za ka ga wani abu ya hau kan wani, kuma akwai ranar saukewa.

Daɗin daɗawa, Hausa tana da wata dabara da Turanci ba shi da ita. Inda Bature yake manna wa aikatau ƙananan kalmomi don ya sauya mata ma'ana, Bahaushe wasalin ƙarshe da karin sauti yake juyawa. Wannan shi ne tsarin rukunonin aikatau guda bakwai da F. W. Parsons ya bayyana a shekarar 1960, wanda kowane ɗalibin nahawu ya sha wuya a kansa. “Ɗauko” tana kawo abu nan, “ɗauke” tana gusar da shi ɗungurungum, “ɗauku” tana nuna yiwuwar ɗaukar. Shi ya sa ruwa yakan ɗauke, numfashi ya ɗauke, mai fushi ya ɗauke kai, mai zumunci ya ɗauke ƙafa, a ɗauke wuta unguwa ta yi duhu.

Bayan wannan kuma, ko a ɗaukar hannu da hannu, Bahaushe bai bar wa kalma guda aikin ba. Yana da kalma ga kowane irin kaya da kowane irin hali. Ruwa da hatsi ɗiba ake yi. Abu mai yawa kwasa ake yi, in da haɗama a kamfata ko a dumbuza, in da rowa a tsakura. Abin da aka samu a ƙasa tsinta ake yi. Jariri goya shi ake yi ko a tallabe shi, gatari saɓa shi ake yi, jaka a rataya. Abu mai nauyi a kinkima ko a cicciɓa, sanda a zara, tuwo a gutsura. Shaho yakan suri ɗan tsako, ɓarawo ya fizgi jaka, mayunwaci ya wafci nama. Ɗalibin da ya rubuto mini gajeren labari ya ce “ɓarawon ya ɗauki jakarta ya gudu” bai yi kuskuren nahawu ba, amma ya hana ni ganin abin da ya faru. Da ya ce “ya fizge”, da na ga hannun, na ji ihun matar. Adabi kuwa da irin waɗannan ƙananan zaɓe-zaɓe ake gina shi, kuma a kowace shekara ina ganin kalmomin nan suna ƙara ƙaranci a cikin rubutun ɗalibanmu, “ɗauka” tana cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Abuja, Bakin Rijiya

Wani zai ce, mene ne na ambaton Abuja a cikin zancen nahawu? Dalili shi ne, tun daga ranar 12 ga Disamba 1991 da aka dawo da fadar gwamnati daga Legas, wannan birni ya zama inda ake ƙera maganar hukuma. Sunan birnin ma na Bahaushe ne, domin daga Abu Ja aka samo shi, Sarkin da ya kafa tsohuwar Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. A kasuwar Wuse da tashar Zuba da teburin mai shayi a Nyanya, da Hausa Bagwari da Bafulatani da Banufe suke fahimtar juna. Amma a Sakatariyar Tarayya da Majalisar Dokoki da Fadar Shugaban Ƙasa, da Turanci ake tunani, da shi ake rubutu. Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisa da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace. Har yau da Turanci ake yin dokokin.

Saboda haka duk sanarwar da ta fito daga ma'aikata, da Turanci take fitowa, sai wani matashi a ɗakin labarai ya karɓe ta, a ba shi 'yan mintoci ya mayar da ita Hausa, a karanta wa miliyoyin mutane daga Zariya har Maraɗi. Abin da ya fassara da hantsi, shi za a maimaita a majalisar dattawan unguwa da la'asar. Idan aka gurɓata ruwa a bakin rijiya, kowane gida zai kai gurɓataccen ruwa randarsa. Bari in kawo misalai uku don a ga cewa abin ya wuce wasan malaman harshe.

Na farko, rantsuwa. Tun daga 1999, a ranar 29 ga Mayu ake rantsar da shugaban ƙasa a Dandalin Eagle da ke tsakiyar birnin nan. A irin wannan rana na taɓa jin mai karanta labarai a wata tasha yana cewa shugabanni sun “ɗauki rantsuwar kama aiki”. Bahaushe kuwa shan rantsuwa yake yi, tsofaffi ma sukan ce mutum ya ci laya. Ko sha ko ci, abin ya shiga ciki ke nan, ya bi jini, babu hanyar mayar da shi, in ka saɓa shi zai ci ka. Abin da aka ɗauka kuwa ana iya sauke shi a gindin bishiya a huta, ana iya miƙa wa wani, ana iya mantawa da shi a mota. Mai fassarar bai san cewa da kalma guda ya sassauta wa masu mulki igiyar da kakanninsa suka ɗaure su da ita ba.

Na biyu, kotu. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin nan ya ba duk wanda ake tuhuma da laifi haƙƙin a samar masa tafinta kyauta idan ba ya jin harshen da ake shari'a da shi. To, a ce mai shaida ya ce da Hausa, “ya karɓi kuɗin”, wani kuma ya ce, “ya ƙwace kuɗin”. Tafinta malalaci zai iya mayar da duka biyun “took”, kuma Turanci ba zai kama shi da laifi ba. In aka juyo da maganar ga wanda ake tuhuma, aka ce masa, “an ce ka ɗauki kuɗin”, sai ya amsa, domin a saninsa ba shi aka yi ya karɓa. Tsakanin karɓa da ƙwace akwai tazarar da ke tsakanin bashi da fashi, wato tsakanin mutum ya kwana a ɗakinsa da ya kwana a gidan yari na Kuje.

Na uku, “za a ɗauki mataki”. Wannan magana ta zauna a Hausa har ta yi jijiya, kuma na san ba ni da ƙarfin tumɓuke ta. Amma mai karatu ya tsaya ya dube ta. Mataki daga “taka” ya fito, wato abin da ake takawa a hau sama. Wane ne ya taɓa ganin mai hawa bene ya sunkuya ya ɗauki matakin? A da, idan talaka ya kai kuka gaban sarki ko alƙali, amsar da zai ji tana da aikatau mai ƙashi: za a kamo shi, za a biya ka, za a gyara gadar, za a tuɓe dagacin. Ana iya komawa bayan mako guda a ga ko an yi ko ba a yi ba. Yau kuwa ko ambaliya ce ta ci gari, ko 'yan bindiga ne suka kwashe ɗalibai, amsar guda ce, za a ɗauki matakin da ya dace. Ba a faɗi mataki ba, ba a faɗi mai ɗauka ba, balle inda za a kai shi. Mun aro wa masu mulki mayafin da za su lulluɓa da shi, mun kuma ɗinka shi da zarenmu.

Amsa Ga Masu Musu

Na san akwai masu ja da ni, kuma sun kasu gida biyu. Gida na farko su ne abokan aikina masana kimiyyar harshe, waɗanda za su ce harshe rayayyen abu ne, dole ya sauya, aro kuma halal ne, aikin masani shi ne ya bayyana abin da mutane suke faɗa, ya bar yi musu hukunci. Na yarda da rabin maganarsu. Hausa ta yi aro tun fil azal, kuma da aron ta yi ƙiba. Ta karɓi littafi da alƙali daga Larabawa, kasuwa daga Barebari, takobi daga Buzaye, mota da asibiti da tebur daga Turawa. Ba ni da faɗa da “ɗaukar hoto”, domin sabon abu ne ya zo, aka nema masa masauki. Ba ni da faɗa da samarin da suke cewa wane ya “ɗau wanka” idan ya ci ado, domin su suka sarrafa maganar, suka ba ta ma'anar da Bature bai san da ita ba. Wannan ƙirƙira ce, kuma alama ce ta harshe mai lafiya.

Ma'aunina guda ne. Idan baƙuwar magana ta zo, sai mu tambaya, ɗakin da babu kowa ta shiga, ko mai ɗakin ta kora? “Ɗaukar hoto” ta tarar da ɗaki babu kowa. “Ɗaukar magani” kuwa ta tarar da “sha” a zaune tun zamanin kaka da kakanni. Wanda ya ce in zuba ido in bayyana kawai, ya manta cewa wannan sauyi bai taso daga bakin mata a tsakar gida ko 'yan koli a kasuwa ba. Daga teburin mai fassara guda ya taso, wanda gaggawa ta hana shi tunani, makirfo kuma ya ba shi ikon da babu wani mai magana da ya taɓa samu a tarihin harshen. Kuskuren mutum ɗaya da na'ura ta yaɗa bai cancanci a kira shi zaɓin al'umma ba.

Gida na biyu su ne 'yan bokon da suka ji labarin ma'ana 645 suka sallama, suka ce ai Turanci teku ne, Hausa kuwa kududdufi, don haka dole ta jingina da shi. Waɗannan ina gayyatar su su zauna su ƙirga mini ma'anonin “ci”. Bahaushe yana cin tuwo, yana cin kasuwa, yana cin jarrabawa, yana cin zaɓe, yana cin yaƙi. Yana cin gado da sarauta da riba da bashi. Yana cin amana da mutunci da zarafi da fuska da hanci. Yana cin ado, yana cin rani, yana cin karo, yana cin albarkacin wani, a ci shi tara, wuta ta ci rumbunsa, ya ci gaba ko ya ci baya. In sun gama, su koma kan “sha”. Yana shan ruwa da rake da taba da iska, yana shan wahala da duka da kaye da rana, yana shan mamaki da alwashi da kallo, yana shan kunu in ya ɓata rai, yana shan jinin jikinsa in ya tsargu, yana sha da ƙyar in ya tsira, kuma ya sha faɗa maka ba ka ji ba. A shekarar 2009 Philip Jaggar da Malami Buba sun wallafa nazari a kan waɗannan kalmomi biyu, inda suka nuna cewa “ci” takan karkata ga rinjaye da galaba, “sha” kuma ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Wato kowa ya ci zaɓe, wani ne ya sha kaye. Wannan falsafa ce cikakkiya a cikin gaɓa biyu, kuma da za a mayar da ita Turanci kalma bayan kalma, Bature zai tsaya yana kallon mai maganar kamar yadda gwaggota ta kalli yaron asibiti.

Bilhasali ma, adadin nan na 645 shaida ce ta himmar masu ƙamus kafin ya zama shaidar arzikin harshe. An fara shawarar ƙamusun Oxford a 1857, aka fitar da kashin farko a 1884, ba a kammala ba sai 1928, kuma har yau ana bitar sa. Mutane sun tsufa sun mutu a kan aikin. Mu fa? Muna da ƙamusun Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Paul Newman da Roxana Ma Newman na 1977, sannan Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamusun Hausa zuwa Hausa a 2006. Ayyuka ne masu daraja, amma wane ne a cikinmu ya taɓa ba kalma guda wata tara na rayuwarsa? Talaucin da ake gani a wurinmu yake, harshen bai yi laifin komai ba.

Abin Yi

Magabatanmu sun nuna cewa ana iya ɗebo daga rijiyar wasu ba tare da an zubar da ruwan gida ba. Alhaji Abubakar Imam ya samo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Gabas da na Turai, amma babu mai karanta su ya ji warin baƙunci. Shi ne kuma ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, yana ba Hausawa labarin Yaƙin Duniya na Biyu da Hausar da dagaci da ɗan dako suke ganewa. Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da littafin George Orwell Gandun Dabbobi a 1975, dabbobin suka yi magana kamar a karkararmu aka haife su. Sirrinsu guda ne, sukan fahimci abin da ake nufi, su rufe littafin baƙo, su tambayi kansu yadda Bahaushe zai faɗe shi.

An kuma yi ƙoƙari a hukumance. A 1990 an buga ƙamusun keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, a 1991 kuma hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wadda hedikwatarta take Sheda a nan yankin Abuja, ta fitar da jerin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu. Sai dai irin waɗannan ayyuka sun fi mayar da hankali ga manyan sunaye, alhali ɓarawon ta ƙaramar taga yake shigowa, ta kan aikatau ɗin da kowa yake zaton ya sani.

Lamarin ya ƙara gaggawa saboda abu biyu. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa har shekara shida, a 2025 kuma aka soke ta aka koma ga Turanci. Ke nan yaro zai ci gaba da haɗuwa da “take” kafin wani ya zaunar da shi a kan “ɗiba” da “kwasa”. Na biyu, tun 2013 da Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa, na'urori suke koyon harshenmu daga abin da muka rubuta a intanet. In mun ba su gurguwar Hausa, ita za su haddace, su dawo mana da ita, 'ya'yanmu su karɓa a matsayin daidai.

Don haka ina kira ga malaman fassara da su ware mako guda cur a kan wannan kalma kaɗai, su ba ɗalibi jimla 50 masu “take”, su hana shi amfani da “ɗauka” fiye da sau biyar. Ina kira ga editocin ɗakunan labarai da su sa a karanta kowace fassara da ƙarfi kafin ta fita, a tambaya ko tsohuwar da ba ta shiga aji ba za ta gane. Ina kira ga ɗalibanmu masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, su je kasuwa da maƙera da gidajen biki su tattaro mana yadda ake amfani da “ci” da “sha” da “kama” da “buga”, mu ma mu san adadin namu. Ga marubutan wannan mujalla kuma, duk lokacin da alƙalaminku ya rubuta “ɗauka”, ku dakata ku tambaye shi, wane irin ɗauka?

Kammalawa

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ban ce a ƙi Turanci ba, da shi nake cin abinci wani lokaci, kuma wanda ya san ma'anonin “take” da kyau shi ne ma zai fi saurin gane cewa ba ta da takwara guda a Hausa. Abin da na ce shi ne, kowane jaki a bar shi da kayan gidansu. Gwaggota ta koma gida, ta sha maganinta biyu da safe biyu da dare, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Ita ta yi tambaya aka gyara mata. Tsorona shi ne ranar da za a wayi gari babu sauran mai yin irin tambayarta, domin kowa ya saba. Allah Ya sa mu gyara tun muna da masu yi mana dariya.